Daga ƙashin ungulu zuwa izgar doki: waiwaye kan kiɗa da dabbobi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge a Tawa ya san rabin kayan nan daga jikin dabba yake. Ƙwarya ce aka ɗame da fatar guza, tsirkiyar izgar doki ce, bakan gogawar ma izga ne, kuma sai an shafa masa ƙaro kafin ya fidda murya. Kalangu kuwa da fatar akuya yake magana.

Abin ba na jiya ba ne. A 2008 masu haƙar kayan tarihi suka tono wata sarewa mai huji biyar a kogon Hohle Fels, kudancin Jamus, wadda ta kai aƙalla shekara 35,000. Da ƙashin fiffiken ungulu aka yi ta. Ungulu dai, wadda ko a mahauta ba mai ganinta da gashi.

Gardamar da aka daɗe ana yi ita ce: kukan tsuntsu waƙa ne, ko hayaniya ce kawai? A 1871 Charles Darwin ya ce asalin waƙa neman aure ne, namiji na jan hankalin mace, kuma yana ganin ɗan Adam ma ta nan ya faro. Wanda ya ga samari a dandali da daren sallah ba zai yi saurin ƙaryata shi ba.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina binciken William Thorpe ne a Ingila, cikin shekarun 1950. Ya raba ƴaƴan wani tsuntsu da manyansu tun suna ƙanana, bai bari sun ji muryar kowa ba. Da suka girma sun yi kuka, amma gurgun kuka, ba ado, ba lanƙwasa. Ashe tsuntsu ma sai da maigida yake iya waƙa. Daga baya aka gano irin tsuntsu ɗaya kan bambanta kari daga yanki zuwa yanki, kamar yadda Hausar Ba'adare ta bambanta da ta Badamagare. A teku ma haka: a 1971 Roger Payne da Scott McVay suka nuna cewa wani irin ƙaton kifin teku da ake kira whale na rera dogon sauti mai baiti-baiti da suke maimaitawa.

Mu nan Nijar mun ga ranar wannan darasi. Biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma ta Tafkin Chadi mai siffar kwale-kwale da tsirkiya biyar, saura ƙiris ya ɓace, don masu iya shi sun ƙare sai dattijo Bukar Tar. A 2002 Malam Maman Barka, wanda aka sani da gurmi, ya tafi ya zauna gabansa ya koya. Malam Barka ya rasu a 2018.

Hukuma ta ɗan taɓuka. Akwai cibiyar koyon kiɗa ta El Hadj Taya a Yamai tun 1989, akwai gasar Ɗan Gurmu da ake yi a Tawa da sunan shahararren mai gogen garin, kuma a 2013 UNESCO ta sa imzad, gogen matan Abzinawa, cikin gadon duniya. Sai dai matasa da dama yanzu a situdiyo suke haɗa kiɗa, kwamfuta ce ke fidda musu muryar goge da kalangu. Ba na ganin laifinsu, ya fi araha. Mai gogen da ke neman yaron da zai riƙe masa bakan goge ne ke shan wahalar samu.