Katun ɗin Batman da takwarorinsa a falon gida: tambayoyi da amsoshi ga iyaye a Kano

Duk mai yara a Kano ya san wannan roƙon: "Baba, a turo mana katun ɗin Batman." Sai a ba yaro memori ya ruga shagon mai turi a bakin layi, ya dawo da fina-finai rututu, a jona a talabijin, uwa ta samu sararin ɗora tukunya. Kafin a miƙa memorin nan akwai abubuwan da ya kamata a sani.

Me ake nufi da fim ɗin bidiyon gida?

Shi ne fim ɗin da aka yi don a kalla a ɗaki, ba a silima ba. Da a kaset yake fitowa, daga baya faifai, yanzu kuma ta intanet. Mu Kanawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don a kansa masana'antar fim ɗin Hausa ta ginu tun daga Turmin Danya a 1990, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suna rarraba kaset zuwa ko'ina. Amurkawa ma suna da irin wannan kasuwa. Kamfanin mujallun jarumai na Marvel ya haɗa hannu da kamfanin fim na Lionsgate, a 2006 suka fara da Ultimate Avengers, suka fitar da katun takwas zuwa 2011. A 2007 Warner Bros. ya buɗe nasa jerin na jaruman DC, kamfanin mujallun Batman da Superman, da fim ɗin Superman: Doomsday, kuma tun daga nan gommai sun fito. Yawancinsu ba sa wuce minti 70 zuwa 80.

Fim ɗin da bai yi kasuwa a silima ba, ai ƙaramin fim ne ko?

Ba lallai ba. Batman: Mask of the Phantasm ya isa misali. Da farko don kaset aka tsara shi, sai kamfanin ya canza shawara ya kai shi silima a gurguje a Disambar 1993. Jama'a ba su fito ba, abin da aka samu bai kai dala miliyan 6 ɗin da aka kashe ba. Da kaset ya fito a 1994 ne fim ɗin ya samu masoyansa, ya mayar da kuɗinsa, har yau masu sharhi da yawa suna sa shi cikin mafiya kyawun fina-finan Batman, har da waɗanda mutane suka fito a ciki.

Abin da ya ɗaga shi ba dambe ba ne. Akwai wurin da Bruce Wayne, saurayin da zai zama Batman, ya je kabarin iyayensa ana tafka ruwan sama. Tun yana yaro aka kashe su a gabansa, ya yi alwashin ƙarar da rayuwarsa wajen yaƙar miyagu. Yanzu ya haɗu da yarinyar da yake so, mai suna Andrea, yana son ya yi aure ya zauna kamar kowa. Sai ga shi a durƙushe yana roƙon matattu su yafe masa alƙawarin, yana cewa zai ba birnin kuɗi a ɗauki ƙarin 'yan sanda. Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin gidansu bayan rasuwar mahaifi zai ji wurin nan a ƙirjinsa. Yaro ɗan shekara shida kuwa jira kawai yake a koma faɗa.

To amma katun ai na yara ne. Mene ne abin damuwa?

Nan ne kuskuren yake, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Zane hanya ce ta ba da labari kawai, ba ya nuna shekarun wanda aka yi wa labarin. Yaran da suka tashi da mujallun Batman da Superman a Amurka sun girma, sun zama magidanta masu albashi, kuma su ne ke sayen faifan. Don haka da yawa daga cikin waɗannan fina-finai, da gangan aka yi su don manya.

Batman: Under the Red Hood na 2010 da me ya buɗe? Da Joker, babban abokin gabar Batman, yana jibgar yaron Batman, wato Robin, da rodin ƙarfe, yaron a ɗaure a ƙasa yana aman jini, sannan ya bar shi a cikin sito da bam. Wannan duk a mintunan farko ne, kafin uwa ta gama yanka albasa. Batman: The Killing Joke na 2016 ya fi haka muni. A fim ɗin Joker ya harbi Barbara Gordon, 'yar kwamishinan 'yan sanda, a cikinta har ta shanye, ya tuɓe ta ya ɗauki hotuna don ya haukata mahaifinta, kuma akwai wurin da aka nuna alaƙar da ba ta dace ba tsakaninta da Batman. Su kansu Amurkawa sun sa masa alamar manya. Justice League Dark: Apokolips War na 2020 kuwa ana yayyaga jarumai a fili.

A cikin kwamfutar mai turi duk waɗannan suna jaka ɗaya mai suna "katun", kusa da kyanwa da ɓeran da kowa ya sani. Ban ga laifinsa sosai ba, fina-finai dubbai gare shi, ba zai kalle su duka ba. Fuskar Batman ɗaya ce a na yara da na manya.

Ta yaya zan bambance?

Akwai alamomin shekaru da ƙungiyar masu fim ta Amurka ke sa wa fina-finai. G na kowa ne. PG na nufin iyaye su sa ido. PG-13, wanda aka ƙirƙiro a 1984, gargaɗi ne cewa akwai abin da bai dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba. R kuwa ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga silima sai da babba. Yawancin katun ɗin DC na bidiyon gida PG-13 ne, wasu kuma R.

A kwalin faifai na asali alamar tana baya, daga ƙasa. Fim ɗin turi ba shi da kwali, saboda haka sai ki rubuta cikakken sunansa a Google, za ki ga alamar tare da shekarar fitowa. Idan babu data, ki kunna shi ke kaɗai, ki kalli farkon, ki ja zuwa tsakiya, ki ja zuwa kusa da ƙarshe. Kuma ki tuna ma'aunin nan da al'adarsu aka auna shi. Sumba da matsattsun kaya ba sa ɗaga musu hankali kamar yadda suke ɗaga mana, don haka PG ɗinsu ba hatimin malamin unguwa ba ne. Muna da hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, da ta Jihar Kano tun 2001, amma babu hukumar da za ta iya leƙa memorin da ke aljihun kowane yaro.

Waɗanne ne za a iya kallo tare da yara?

The Incredibles na 2004, Big Hero 6 na 2014 da Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018 duk PG ne, kuma kowannensu ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane. Na fi son na farkon, don labarin iyali ne: uba da ya gaji da aikin ofis yana ɓoye wa matarsa inda yake zuwa, ita kuma tana riƙe da gida da 'ya'ya uku. Sai dai ko a cikinsa ana harbo jirgin da yara ke ciki, kuma a na biyun yayan jarumin ya mutu a gobara. Ƙaramin yaro zai yi tambaya, gara ya samu babba a kusa.

Akwai kuma batun aƙida. Thor abin bautar mutanen arewacin Turai ne na da, labarin Wonder Woman cike yake da gumakan Girka, ga tsafi, ga tayar da matattu. Yaron da ke zuwa Islamiyya zai iya gane cewa tatsuniya ce idan an gaya masa, kamar yadda ya san Gizo ba ya magana. A kuma ja kunnen masu ɗaura tawul a wuya su hau katanga.

Me ya sa hoton wani lokaci yake dishi-dishi, musamman wuraren duhu?

Matsi ne. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7, kuma fim ɗaya ya kamata ya ci mafi yawansa. Idan aka cusa goma ko ashirin a faifai guda, ko aka ƙanƙance fim don ya shiga ƙaramar waya, wuraren duhu ne ke fara lalacewa, su koma dabbare-dabbare. Katun ɗin Batman na shekarun 1990 ya fi shan wahala, domin masu zanensa a kan baƙar takarda suka riƙa zana birnin, saɓanin farar da aka saba. Wanda aka aiko wa faifan asali daga Amurka kuma zai iya ganin na'urarsa ta ƙi karɓa: an raba faifan DVD shiyya-shiyya, faifansu na shiyya ta 1 ne, Najeriya tana shiyya ta 5, ko da yake yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu ba sa tankiya.

Gaskiya ɗaya da ba ma son ji: yawancin abin da ake turawa ba da izinin masu shi ba ne. Mun ga yadda wannan hanya ta karya cinikin faifan fina-finan Hausa, har furodusoshi suka koma YouTube da tashoshin talabijin.

Idan an fassara shi da Hausa, bai zama namu ba?

Fassara tana sa yaro ya bi labarin, kuma masu yin ta a Kano, waɗanda suka goge a fina-finan Indiya, sun iya sa dariya. Amma murya kawai take canzawa, jinin da ke hoton yana nan. Akwai ma abin da ake rasawa. Kevin Conroy, wanda ya riƙe muryar Batman daga 1992 har rasuwarsa a 2022, murya biyu yake yi: mai sauƙi idan Bruce Wayne ne a cikin mutane, mai kauri idan ya sa hular. Mai fassarar da ya yi su da murya ɗaya ya zubar da rabin halin jarumin.

Mu ba mu da jaruman da za a zana?

Muna da su. Tarihin Kano ya ce Barbushe na Dala da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Ga Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da iyayenmu suka karanta a makaranta, ga Sarauniya Amina, wadda wani ɗan Najeriya, Roye Okupe, ya ɗauki hasken labarinta ya ƙirƙiro jarumarsa Malika. Labari bai yi mana ƙaranci ba, hannu da jari ne matsalar. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda, masu zane kan rage wa kansu aiki su yi 12. Ko a haka, fim na minti 75 yana neman zane kusan 54,000. Shi ya sa hatta Warner Bros. yake tsara labari da muryoyi a Amurka, ya tura aikin zanen ga kamfanonin Koriya ta Kudu da Japan. Matasan da ke koyon zane a kwamfuta a Kano da gajerun labarai na minti biyar ya kamata su fara, kuma idan sun sa a YouTube, mu buɗe wa yaranmu su gani.