Awon girgizar ƙarfe mai shimfiɗar roba: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara ɗalibai masu aikin kammala karatu a nan Gusau sai sun zo mini da tambayoyin nan. Ku karanta kafin ku ƙwanƙwasa ƙofa.

Malam, me ake aunawa?

Abu biyu: taurin kayan, da yadda yake shanye girgiza ya mayar da ita zafi. Kwanon rufi tsura yana ƙara idan ruwa ya sauko, wanda aka manna wa roba kuwa shiru. Wannan bambancin ake sa wa lamba.

Dole sai da na'urar DMA, wato injin da ke lanƙwasa samfur a kai a kai don auna waɗannan abubuwa biyu?

A'a. Hanyar sandar Oberst ta wadatar, tana cikin ƙa'idar gwaji mai lamba ASTM E756. A damƙe gefe ɗaya na siririyar sandar ƙarfe, a girgiza ɗaya gefen.

Yaya ake lissafi?

A zanen ƙarfin girgiza bisa mita (yawan girgiza a daƙiƙa), nemo inda girgiza ta kai ƙololuwa, ka sauko desibel 3 (ma'aunin ƙarfin girgiza) hagu da dama, ka raba faɗin da mitar ƙololuwar. Ƙololuwa 200, faɗi 10, amsa 0.05, lambar shanye girgiza ke nan. Shi ke nan.

Sakamakona na safe ya saɓa da na azahar, na'urar ce ta lalace?

Kwantar da hankalinka, da wuya laifin na'ura ne. Zafi zan fara zargi. Ƙarfe bai damu ba, amma roba tana sauya hali: da sanyin hunturu ta ƙage, da zafin Afrilu da kan wuce digiri 40 ta saki jiki, kuma ta fi shanye girgiza a tsakanin halayen biyu. Sai dai ba lallai zafin ne kaɗai ba. Wataƙila ka kwance sandar ka sake ɗaurewa. Maɗauri mai sako-sako shi ma yana cin girgiza, sai ka ɗauka aikin roba ne. Shi ya sa ake yawan watsar da ta farko cikin ƙololuwar da sandar ke bayarwa. Yana iya yiwuwa kuma gam bai gama bushewa ba, ko iska ta maƙale tsakanin shimfiɗun. Sannan kauri: taurin lanƙwasa yana bin kauri sau kauri sau kauri a lissafi, kuskuren kashi 2 cikin ɗari ya zama kusan 6. Ka ajiye ma'aunin zafi kusa da sandar, ka maimaita sau uku ba tare da taɓa maɗauri ba, sannan mu yi magana.

Zan iya tsallake awon ƙarfen shi kaɗai?

Haba! To da me za ka kwatanta? Taurin baƙin ƙarfe kusan gigafaskal (ma'aunin tauri) 200 ne, na alminiyum kusan 70, roba mai laushi ba ta kai ko 1 ba. Auna sandar tsirara tukuna, sannan ka manna robar.