Dubu saba'in ɗin nan, wa doka ta ce a ba?

Tunda aka ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 mutane da yawa a nan Zariya suka ɗauka zancen ma'aikatan gwamnati ne kawai, to wallahi ba haka bane. Shugaba Tinubu ya sa wa dokar hannu a watan Yuli 2024 bayan an sha ja-in-ja da ƙungiyoyin ƙwadago NLC da TUC, aka ɗaga daga 30,000 ɗin zamanin Buhari ta 2019, sannan aka ce duk shekara 3 za a riƙa sake duba ta maimakon 5. Gwamna Uba Sani ya ɗora dubu biyu a kai, ma'aikatan jihar Kaduna nasu 72,000 ne. Jiha tana iya ƙarawa amma bata da ikon ragewa, saboda tsarin mulki a hannun majalisar tarayya ya bar maganar ƙwadago.

Abin da ya sa na tsaya na bi dokar nan a hankali ƙanwata ce. Tana koyarwa a wata makarantar kuɗi wajen Tudun Wada, ƙarfe bakwai ta bar gida, ta dawo da jakar littattafan yara tana maki har bayan isha'i, ƙarshen wata a tura mata 25,000, kuɗin adaidaita ma ya cinye kusan rabi tun da aka cire tallafin mai. Da ta yi magana sai aka ce mata ai wannan doka ta gwamnati ce.

Dokar ta hau kan masu zaman kansu ma, kamfani ne ko makaranta ko gidan mai, matuƙar ma'aikatan wurin sun kai 25. Kuma ko kin sa hannu a takarda kin yarda da ƙasa da 70,000 wannan yarjejeniyar a wurin doka bata da wani tasiri, wanda ya ƙi biya laifi ya yi, akwai tara kuma sai ya biya cikon da ya riƙe.

Inda abin yake min ciwo shine waɗanda aka cire. Wurin da ma'aikata basu kai 25 ba babu ruwan dokar da shi, haka mai aikin da ba na cikakken lokaci ba, da wanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da ya yi, da aikin da ke zuwa da lokaci irin na gona. To ka duba yaran shago a kasuwar Sabon Gari, masu gadi a gidaje, yaran tela da ake biya kan kowace riga, masu cirar tumatir lokacin rani, ai su ne mafi yawan masu neman na abinci a garin nan kuma su ne suka fi shan wuyar tsadar masara da shinkafa, amma doka ta tsallake su.

Na ce wa ƙanwar tawa, Hajiya ki ƙirga min kowa da kowa da ke aiki a makarantarku, har mai shara da direban bas da mai gadi. Ta ƙirgo 31. Yanzu su shida sun haɗa kai suna ajiye saƙon alat na kowane wata, sun nemi a basu takardar ɗaukar aiki a rubuce, in an ƙi gyarawa za su kai ƙorafi ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke Kaduna, kotun ma'aikata ma tana can in ta kai ga haka. Tsoron kora ne ya hana sauran shiga, ita kanta ranar da za su miƙa takardar sai da ta kira ni sau biyu kafin ta shiga ofis.