Waiwaye: gardamar "in ƙasa na juyawa me ya sa ba ma ji" ba a TikTok aka fara ta ba

Duk bayan 'yan watanni sai maganar nan ta sake tasowa, wani ya saki bidiyo yana cewa wai in da gaske ƙasa na juyawa to jirgi mai saukar ungulu ya tashi daga Kano mana ya tsaya cak a sama, ya jira Bamako ta iso ƙarƙashinsa ya sauka abinsa. Wani ya ce shi ya yi tsalle ya fi a ƙirga kuma inda ya tashi nan yake dira. Kafin ka ce kwabo wajen komen ya kama da wuta, wannan ya ce jahili wancan ya ce bawan Turawa, a watse ba wanda ya ƙaru da komai. Masu kare kimiyyar ma yawanci hoton duniya daga sama suke liƙowa, alhali mutumin ba siffar duniya ya tambaya ba, motsi ya tambaya, kuma tambayar tasa ba ta wawa ba ce, ta haura shekara 2,000 tana hana manyan masana barci.

Aristotal na Girka ya kawo ta tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce ka jefa dutse sama tsaye zai dawo inda ya tashi, saboda haka ƙasa a tsaye take. Batlamus na Iskandariyya a ƙarni na 2 ya ƙara da cewa da tana juyawa da kullum sai mu ga gajimare da tsuntsaye ana barinsu a baya ta yamma. Aryabhata na Indiya a 499 ya ce a'a ƙasar ce ke juyawa, amma har masanan ƙasarsu da suka biyo bayansa ba su yarda ba. Ko da Kofanikas ya fito da nasa tsarin na cewa ƙasa ce ke juyawa tana kuma zagaya rana a 1543 wannan hujja ta dutse ita ta fi tsaya masa a wuya, Tycho Brahe wanda ba a yi kamarsa wajen auna taurari a zamaninsa ba da ita ya riƙa kafa hujja.

Asalin matsalar ita ce tsohon tunanin nan cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi, da an sake shi zai tsaya. Ibn Sina ya taɓa wannan tunani, ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata a jikinsa wanda ba ya ƙarewa don kansa sai dai iska ko wani abu ya rage shi. Galileo a 1632 ya rubuta cewa ka shiga ɗakin cikin jirgin ruwa ka rufe, ka rataye kwalba tana ɗiga cikin wata a ƙasa, muddin jirgin na tafiya sumul ba tangal-tangal ɗigon ba zai kauce ba. Sai dai kan maganar sakin dutse daga saman jirgi, mai magana da yawunsa a littafin cewa ya yi shi bai gwada ba kuma ba ya buƙatar gwadawa, ya san abin da zai faru.

To a nan ne wani mutum ya shigo wanda da wuya ka ji sunansa a aji, Pierre Gassendi, limamin coci ne Bafaranshe kuma masanin falsafa. A 1640 a Marsai, bakin tekun kudancin Faransa, aka ba shi jirgin yaƙi irin wanda mutane ke tuƙawa da filafilai, aka tara shaidu, aka zuba gudu a kan ruwa, sannan aka riƙa sakin dutse daga ƙololuwar doguwar sandar nan ta tsakiyar jirgi. Abin da masu tsohon ra'ayi suka daɗe suna rubutawa a littattafai ba tare da sun taɓa hawa sandar ba shi ne dutsen zai faɗo can baya wajen wutsiyar jirgi, don kafin ya iso ƙasa jirgin ya wuce ya bar shi. Kuma in ka yi lissafi ba ƙaramin bambanci ba ne, a ce sandar mita 20 ce, dutse zai ɗau kusan daƙiƙa 2 kafin ya sauko, in jirgin na cin mita 5 a daƙiƙa kenan sai ya faɗi mita 10 a baya, ko makaho ya ji inda ya faɗa. Amma dutsen a gindin sandar ya faɗo, jirgi na gudu ko yana tsaye duk ɗaya.

Dalili kuwa, tun dutsen na hannun wanda ke saman sandar yana tafiya da gudun jirgin, sakinsa da aka yi bai ƙwace masa wannan gudun ba, janyowar ƙasa ce kawai ta ƙaru a kai. Wanda ke cikin jirgi zai ga ya sauko miƙe, wanda ke tsaye a gaɓa zai ga ya yi lanƙwasa yana gaba yana ƙasa, kuma dukkansu gaskiya suka gani. Gassendi ya buga wannan a 1642, bai kuma tsaya nan ba, ya ce a ɗauke dutsen a kai shi wani fili da babu iska babu abin da ke jansa, in aka tura shi zai yi ta tafiya a miƙe da gudu ɗaya ba tsayawa. Wannan fa shi ne abin da yara ke haddacewa yau da sunan dokar Newton ta farko, shi kuwa littafin Newton sai 1687 ya fito.

Ni a ganina nan gizo ke saƙar. Mun karɓi jimlar mun bar jirgin. Yaro zai karanto maka dokar tiryan-tiryan ranar jarrabawa ya ci maki, amma ba a taɓa sa shi ya jefa makulli sama a cikin mota tana tafiya ya ga ya dawo tafin hannunsa ba, balle a tambaye shi me ya sa bai faɗa kujerar baya ba. A zuciyarsa har yanzu tsohon tunanin ne ke zaune, na cewa da ka rabu da ƙasa ta wuce ta bar ka, shi ya sa bidiyon minti ɗaya ke rusa masa fiziks na shekara uku. Abin dariyar ma yaron mota da bai yi sakandare ba jikinsa ya san dokar, in zai dira daga bas tana tafiya gaba yake fuskanta ya ɗan yi gudu tare da ita kafin ya tsaya, don ya san in ya dira kamar mai sauka daga gado haƙora zai zubar.

Jirgi mai saukar ungulun nan ma haka ne, yana ajiye a Kano yana tafiya gabas tare da ƙasa da gudun da ya kai wajen kilomita 1,630 a awa, iskar da zai shiga ita ma tare ake tafiya, tashi sama ba ya goge wannan. Batun ji kuwa, jiki ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji, wato birki da fizga da kwana. Ƙasa ba ta taka birki, kwanar da take sha kuma sau ɗaya ce a kwana guda, hannun agogo mai nuna awa ma ya ninka ta sauri tunda shi sau biyu yake zagayawa.

Gaskiya gwajin Marsai bai tabbatar da cewa ƙasa na juyawa ba, hujjar masu cewa ba za ta iya ba kawai ya kashe. Shaidar kai tsaye daga baya ta zo. Lissafi ya nuna cewa saman dogon gini ya ɗan fi gindinsa gudu tunda ya fi nisa da tsakiyar ƙasa, don haka abin da aka saki daga sama ya kamata ya ɗan tsere gabas, akasin yammar da magabata ke tsammani. A wajajen 1830 Ferdinand Reich ya yi ta sakin ƙwallaye cikin ramin haƙar ma'adinai mai zurfin kusan mita 158 a yankin Freiberg na Jamus, matsakaicin kaucewar ya fito kusan milimita 28 ta gabas. Sai 1851 Léon Foucault ya rataye dunƙulen ƙarfe mai kilo 28 da waya mai tsawon mita 67 a ginin Panthéon na Paris ya sake shi yana lilo, jama'a na tsaye suna kallon layin lilon na karkata wajen digiri 11 duk awa. Da a Kano za a rataye shi karkatar ba za ta wuce digiri 3 da ɗan kai a awa ba saboda mun fi su kusa da ikwaita, layin nan da ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, sai an samu gini mai tsawo da ƙofofi a rufe saboda iska, da kuma wanda zai iya zaman awa uku ko huɗu yana sa alama da alli a ƙasa.