Ma'anar "Zero Grazing" a Yaƙin Uganda da Ƙanjamau

Duk wanda ya taɓa turke ragon layya ya san yadda abin yake. A kafa turke a tsakar gida, a ɗaure shi, a riƙa kawo masa harawa da dusa har inda yake. Ba ya fita yawon kiwo, balle ya faɗa gonar wani a zo ana sa-in-sa. Masu shanun madara a gabashin Afirka na kiran irin wannan kiwo "zero grazing" da Turanci. Daga bakinsu kalmar ta shiga rediyo da asibiti da coci, ta zama sunan wata dabarar rigakafin cutar ƙanjamau: kowa ya tsaya kan abokin aurensa, kada ya leƙa waje.

A Uganda aka raɗa mata wannan ma'ana. Tun 1982 aka fara ganin cutar a gundumar Rakai, kusa da iyakar Tanzaniya, inda mutane ke ce mata "silim" saboda yadda take ramar da mutum. Da Yoweri Museveni ya karɓi mulki a 1986, sai ya riƙa maganarta a bainar jama'a, lokacin da shugabanni da yawa ke jin nauyin ko ambatonta. Shi kansa ɗan makiyaya ne daga Ankole, don haka misalin saniya da turke bai yi masa wuyar faɗa ba. Kalmar kuma tana da wata fa'ida, ba ta kori mai mata biyu ko uku ba. An dai ce masa ya tsaya cikin gidansa.

Coci-coci ne suka kai saƙon lungu-lungu. Ma'aikacin lafiya sai jefi-jefi yake leƙa ƙauye, amma fada ko fasto yana ganin mutanensa kowace Lahadi. Shi ke ɗaura aure, shi ke sasanta miji da mata, kuma a shekarun nan shi ke binne matasa kusan kowane mako. Katolika da Angilika su ne mafi yawan jama'ar ƙasar, ga asibitocinsu irin su Nsambya da Rubaga da Mengo. Akwai wani taken yaƙin da ke cewa a yi soyayya da hattara. Malaman coci ba su saki jiki da shi ba, don suna jin ƙanshin kwaroron roba a ciki, sai suka fi son a ce a yi soyayya da amana. Musulmi ma ba su zauna ba, ƙungiyar likitocinsu ta fara horar da limamai a 1992.

Wannan amanar ita ce harafin tsakiya a tsarin rigakafin da ake kira ABC da Turanci, wato ƙaurace wa jima'i, riƙon amana, sai kwaroron roba.

Akwai dalilin likitanci a bayanta. A makonnin farko bayan mutum ya kamu, ƙwayar cutar tana cika jininsa maƙil, alhali shi bai san komai ba. Idan yana hulɗa da mutum biyu ko uku a lokaci guda, su ma kowanne da nasa na gefe, cutar na bin layin nan kamar wutar daji. Rage abokan hulɗa yana tsinke layin. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce masu ɗauke da cutar cikin manyan Uganda sun ragu daga kusan kashi 15 cikin ɗari a 1991 zuwa wajen kashi 5 a 2001. Har yau masana na jayayya kan rabon da za a ba amana, da na kwaroron roba, da kuma na mutuwar waɗanda suka riga suka kamu.

Inda gizo ke saƙa shi ne amana ba ta aiki da hannu ɗaya. Mace na iya zama shekara ashirin ba ta san kowa ba sai mijinta, shi ya ɗebo ya kawo mata har ɗaki. Ga kuma wanda ya shigo auren da cutar bai sani ba. Sannan in wa'azi ya yi zafi, duk mai ɗauke da ita sai a ɗauke shi mazinaci, shi kuwa ya gwammace ya yi shiru da ya je gwaji. A ganina wannan ce ɓarna mafi girma da wasu masu wa'azi suka yi ba da niyya ba.

Daga cikin cocin aka samu mai gyara. A 1992 Gideon Byamugisha, limamin Angilika ɗan Uganda, ya fito ya ce yana ɗauke da ƙwayar cutar, abin da ba a taɓa ji daga bakin malamin addini a Afirka ba. Daga baya shi da takwarorinsa masu ɗauke da ita suka kawo tsarin da suka kira SAVE. Bai jefar da amana ba, amma ya ajiye gwajin jini na son rai, da samun magani, da ilimantar da mutane a gefenta. Coci-coci da dama kuma a yau, bayan wa'azin amana, suna neman takardar gwaji daga ango da amarya kafin a sa ranar ɗaurin aure.