Shanya inji a rana ba ya busar da cikinsa

Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shanye injinan niƙa, janaretoci da injinan walda a Maiduguri. A irin wannan hali an saba shanya inji kwana biyu a rana, da ƙarfen ya ɗau zafi sai a ce ya bushe, a jona masa wuta. Nan take koyil, wato naɗin wayar cikin injin, ke ƙonewa, wani lokaci wutar ta ja wanda ya taɓa.

Bayan injin kaɗai rana ke busarwa. Danshi na nan maƙale cikin naɗin wayar tagulla. Ruwan ambaliya kuma yana barin laka da gishiri, masu jawo danshi su ba wuta hanya. Sai an kwance injin, an wanke naɗin da ruwa mai tsabta, ko da hakan ya ba mai shi tsoro, a gasa a hankali, kada zafin ya wuce digiri 90. A sauya boris da giris. Sannan mai gyara ya auna da mega, na'urar gwada ko wuta na zurarewa daga naɗin: in awon bai kai megom 1 ba, kada a kunna.

Bireka da fiyus da suka nutse kuwa, sababbi za a sa.