Waiwaye: Bashin Gida a Amurka da Wahalar Masu Neman Sassauci

Ranar 27 ga Afrilun 1933, a wani ƙaramin gari mai suna Le Mars a jihar Iowa ta Amurka, fusatattun manoma suka kutsa cikin kotu, suka fizgo alƙali Charles Bradley daga kujerarsa, suka kai shi bayan gari suka zura masa igiya a wuya. So suke ya rantse ba zai ƙara sa hannu a takardar ƙwace gonar kowa ba. Ya ƙi. Ba su kashe shi ba, amma sai da gwamna ya turo sojoji. A wasu garuruwan kuwa dabara aka yi. Ranar da banki zai yi gwanjon gonar wanda bashi ya ci, sai maƙwabta su cika wurin maƙil, a taya saniya a kan 'yan kwabbai, a taya garma haka nan, baƙon da ya ɗaga hannu zai ƙara kuɗi kuma ya waiga ya ga ƙattai sun kewaye shi. A tara ɗan abin da ya samu a miƙa wa banki, a mayar wa mai gona kayansa.

Mutanen nan sun san wanda ke bin su bashi. Sun san ƙofar bankin, sun san fuskar alƙalin. Jikokinsu da irin wannan masifa ta afka wa daga 2007 zuwa 2012 ba su sami ko wannan gatan ba, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar.

A Amurka ba kasafai mutum ke tara kuɗi ya sayi fili ya ɗora bulo a hankali ba. Bashi ake ci a sayi gida, a jinginar da gidan. Sai dai ba irin jinginar gona da muka sani ba ce, wadda mai kuɗi ke karɓar gonar ya yi ta nomawa har ranar fansa. A can kai ne a cikin gidan, kana biya wata-wata, in ka gaza a sayar da shi a gwanjo. Kafin shekarun 1930 irin wannan bashi gajere ne, shekara uku zuwa biyar, kana biyan kuɗin ruwa, ranar ƙarshe ka kawo uwar kuɗi gaba ɗaya ko a sabunta maka. Da tattalin arziki ya karye a 1929 bankuna suka daina sabuntawa. Zuwa 1933 gidaje wajen dubu ake ƙwacewa a kowace rana.

Gwamnatin Franklin Roosevelt ba ta tsaya lallashin bankuna ba. A watan Yunin 1933 ta kafa hukumar HOLC, wadda ta riƙa sayen basussukan da suka maƙale daga hannun bankuna, ta mayar da su na shekara 15, biya kaɗan-kaɗan. Gidaje kusan miliyan ɗaya ta ɗauka. Ba waliyyiya ba ce: ita ma ta ƙwace wajen kashi ɗaya cikin biyar na gidajen, kuma ita ce ta zana taswirorin nan da aka shafa wa unguwannin baƙaƙen fata jan launi a matsayin wuraren da bashi ke da haɗari. Amma da aka rufe ta a 1951 ba ta bar wa gwamnati asara ba. Tun da bashin a hannunta yake, in ta ce an sassauta, to an sassauta.

Daga 1970 zuwa gaba sai bashin gida ya zama haja. Banki ya ba ka kuɗi yau, wata mai zuwa ya sayar da bashin naka, a haɗa shi da na dubban mutane, a yanka gunduwa-gunduwa a sayar wa masu zuba jari, daga asusun fansho na malaman makaranta zuwa bankunan Jamus. Tun da mai bayarwa ba shi zai jira biya ba, me ya dame shi ko za ka iya? A farkon shekarun 2000 kamfanoni irin su Countrywide suka buɗe ƙofa ga kowa. Akwai bashin da ake ba mutum ba a nemi shaidar albashinsa ba. Akwai mai sauƙin ruwa a shekara biyun farko, a ta uku ya yi tsalle. Ana ce wa mutane kafin nan gidan ya ƙara daraja, sai su sake cin wani bashin su biya wannan. Daga baya Ma'aikatar Shari'a ta zargi Countrywide da bankin Wells Fargo da ɗora wa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka bashi mai tsada fiye da fararen da suke daidai da su, aka sasanta a kan dala miliyan 335 a 2011 da miliyan 175 a 2012.

Farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, ya juyo ƙasa, bai tsaya ba sai da ya zubar da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Zuwa 2010 gidaje kimanin miliyan 11 bashin da ke kansu ya fi kuɗinsu a kasuwa. A jihar Nevada kusan biyu cikin uku ne. A wannan shekarar kaɗai bankuna sun karɓe gidaje sama da miliyan ɗaya.

Hankali zai ce a sasanta. Gidan da aka ƙwace yana zama kango, ciyawa ta cinye shi, ɓarayi su zare bututun tagulla, a biya lauya, a ƙarshe a sayar da shi wulaƙance, sau da yawa rabin kuɗin ma ba ya dawowa. Ai gara a rage wa mai gida kuɗin ruwa, a tsawaita masa wa'adi, ko a yafe wani abu daga uwar kuɗi, ya ci gaba da biya. Kowa ya tsira da wani abu. To amma wa za a roƙa? Masu bashin na gaskiya sun warwatsu a duniya. Wanda mai gida zai iya kira shi ne ɗan tsakani, wato kamfanin da aka ɗauka ya riƙa karɓar biyan wata-wata yana miƙawa. Shi kuwa lissafinsa daban. Tarar jinkiri aljihunsa take shiga. In an yi gwanjo shi ke fara cire abin da ya kashe kafin masu jari su ga ko sisi. Sassauci kuwa aiki ne mai cin ma'aikata da lokaci, kuma babu mai mayar masa da kuɗin wahalar. Kura aka bai wa ajiyar nama.

A Oktoban 2008 majalisa ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, 'yan makonni bayan rushewar babban bankin zuba jari na Lehman Brothers. Ranar 18 ga Fabrairun 2009 Barack Obama ya je garin Mesa a jihar Arizona ya sanar da na masu gida: dala biliyan 75, da alƙawarin sassauta wa mutum miliyan uku zuwa huɗu a ƙarƙashin shirin da aka sani da HAMP. Washegari wani ɗan jaridar tashar CNBC, Rick Santelli, ya tsaya a kasuwar hada-hada ta Chicago yana ɗaga murya, yana tambaya wa ya yarda ya biya wa maƙwabcinsa bashin gida. Ana lissafa wannan faɗa cikin abin da ya haifi tafiyar siyasa ta Tea Party mai adawa da yawan kashe kuɗin gwamnati, kuma tun daga ranar gwamnati ta riƙa taka-tsantsan kada a ce tana raba wa malalata kuɗi.

Akwai sandar da za ta iya tilasta wa bankuna, aka jefar da ita. A dokar fatara ta 1978, alƙali na iya rage bashin gidan haya ko na jirgin ruwan shaƙatawa ya daidaita shi da darajar kayan, amma ban da gidan da mutum yake kwana a ciki. Majalisar Wakilai ta amince a gyara wannan a Maris 2009. Ranar 30 ga Afrilu ƙudurin ya faɗi a Majalisar Dattawa, 45 na so, 51 ba sa so. Sanata Dick Durbin da ya kawo shi ya ce gaskiyar magana bankuna ne ke da majalisar.

Sai aka koma ga lallashi. Tsarin HAMP a takarda yana da kyau: a sauko da biyan wata zuwa kashi 31 cikin ɗari na abin da mutum yake samu, ta hanyar rage ruwa har zuwa kashi 2, tsawaita wa'adi har shekara 40, ko jingine wani ɓangare na uwar kuɗi zuwa ƙarshe. Ɗan tsakani yana da ladar dala 1,000 a kan kowane bashin da ya gyara. Mai gida kuma zai yi gwajin wata uku tukuna.

A wannan gwajin mutane suka sha baƙar wahala. Ɗauki misalin mai samun dala 4,000 a wata, yana biyan 1,900. An ce ya riƙa biyan 1,240. Ya tura takardar albashi da ta haraji da ta banki da wasiƙar bayanin halin da yake ciki, ta na'urar faks. Bayan makonni ya kira, ya yi awa guda waya a kunne, wata murya ta ce ba a ga shafi na huɗu ba. Ya sake turawa. Kafin a duba, takardar albashin ta tsufa, a kawo sabuwa. Duk kiran da zai yi sabon mutum ne ke ɗauka, ya faro labari daga farko. Wata uku ya zama tara. Ranar nan wasiƙa ta zo: bai cancanta ba, kuma ragin dala 660 na kowane wata bashi ne, ya kawo 5,940, ga kuma tarar jinkiri. Alhali duk tsawon lokacin nan wani sashen na kamfanin yana can yana shirin gwanjon gidan, hannun dama na karɓar takardar sulhu, na hagu na buga ƙararrawa. Akwai waɗanda ba su taɓa tsallake biya ba sai da aka ce musu ba a duba buƙatar wanda bai makara ba. Ana wata ga wata, 'yan damfara suka fito da sunan masu ceton gida, suna karɓar dubban daloli kuɗin gaba su ɓace, har sai da aka haramta karɓar irin wannan kuɗi a farkon 2011.

A 2013 wasu tsofaffin ma'aikatan Bank of America suka ba da shaida a rubuce a wata kotun tarayya a Boston cewa an umarce su su riƙa cewa takardu ba su iso ba alhali suna nan, kuma wanda ya tura gidaje goma ko fiye zuwa gwanjo a wata yana samun tukuicin dala 500. Bankin ya musanta. Rahoton ofishin babban sufeton da ke sa ido a kan kuɗin ceton ya nuna a 2015 cewa cikin mutum miliyan 5.7 da suka nema, kusan miliyan 4 aka mayar hannu rabbana. Neil Barofsky, wanda ya fara riƙe wannan ofishi, ya ba da labarin cewa ya ji sakataren kuɗi Timothy Geithner yana kwatanta shirin da kumfar da ake fesa wa titin jirgi in za a yi saukar gaggawa. Jirgin da ake so ya sauka lafiya bankuna ne: a ja ƙwacen gidajen a hankali yadda za su iya shanyewa.

Abin dariya a nan, masu cewa takardun talaka ba su cika ba, nasu ma ba su cika ba. Bashin ya sauya hannu sau da yawa har shaidar mallaka ta ɓace. A watan Yunin 2010 wani lauya a jihar Maine, Thomas Cox, ya titsiye wani ma'aikacin kamfanin bashin gida na GMAC da tambayoyi, mutumin da aka gano yana sa hannu a takardu wajen 10,000 a wata, har da na rantsuwa, ba tare da ya karanta ba. A jihar Georgia kuma aka sami kamfanin DocX mai shirya wa bankuna takardun bashi, inda ma'aikata ke rattaba hannu da sunan wasu a matsayin mataimakan shugabannin bankuna. Shugabar kamfanin, Lorraine Brown, ta sami ɗaurin shekara biyar a 2013. A Oktoban 2010 Bank of America ya dakatar da gwanjo na ɗan lokaci a duk jihohi 50.

Sulhun da ya biyo baya ihu ne bayan hari. A Fabrairun 2012 manyan bankuna biyar suka sasanta da gwamnatin tarayya da jihohi 49 a kan dala biliyan 25, amma abin da ya isa hannun wanda ya riga ya rasa gidansa bai kai dala 1,500 ba. A wani sulhun na 2013 mafi yawan mutane dala 300 suka samu, wasu ma da suka kai cakin banki a makon farko aka dawo musu da shi. A daidai wannan lokaci kamfanin Blackstone yana bin wuraren gwanjo yana sayen dubban gidaje yana zuba 'yan haya. Ƙididdigar kamfanin tattara bayanan gidaje na CoreLogic ta ce gidaje miliyan 7.8 aka ƙwace tsakanin 2007 da 2016, shekarar da aka rufe karɓar buƙatun HAMP.

Ba za a ce shirin bai amfani kowa ba. Sama da mutum miliyan ɗaya sun sami sassauci na dindindin. Dokoki ma sun gyaru: daga Janairun 2014 ba a fara shirin ƙwace gida sai mutum ya wuce kwana 120 bai biya ba, kuma in ya miƙa cikakkiyar buƙatar sassauci fiye da kwana 37 kafin ranar gwanjo, tilas a tsaya a duba. Duk da haka a 2018 Wells Fargo ya amsa cewa kuskuren lissafin kwamfuta ya sa ya hana mutum 870 sassaucin da suka cancanta, 545 daga ciki sun rasa gidajensu.

Da annobar korona ta zo, majalisa ta bi wata hanyar. Dokar da aka sa wa hannu ranar 27 ga Maris 2020 ta ce duk mai bashin da gwamnati ta tsaya masa, in ya furta cewa annobar ta taɓa shi, a ɗaga masa ƙafa kwana 180, in ya nema a ƙara masa wasu 180. Babu faks, babu gwaji, kuma ba a bar wa ɗan tsakani zaɓi ba. Zuwa watan Yuni sama da mutum miliyan huɗu sun shiga, mafi yawansu kuma daga baya suka koma biya, ko aka tura musu abin da ya taru zuwa ƙarshen wa'adi, ko suka sayar da gidajen da riba, domin a wannan karon farashi hawa yake. Sashen nan na dokar fatara da ya hana alƙali taɓa bashin gidan kwana kuwa yana nan yadda yake tun 1978.